Akwatin Baba Tela

Ɗan kawuna ya shekara goma sha tara yana aiki a filin jirgi, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba. In kun tambaye shi zai ce sharri nake masa, wai ya taɓa shiga wani da aka ajiye ana gyara. To wannan shiga ce? Ai kaza ma tana shiga motar da ta mutu, ba ta ce ta yi tafiya ba.

Ni ɗan gwaggonsa ne, saboda haka ina da lasisin faɗar duk abin da na ga dama a kansa, shi kuma nasa ido. Shi ya samo min aikin da nake yi, wannan ban musa ba. Ni ne direban ƙaramar motar kamfani mai kai wa mutane jakunkunansu gida idan sun iso a makare. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta lambar gida, kuma na fi shi kyau.

Ga yadda aikinsa yake. Wani lokaci jirgi yakan yi nauyi, sai a sauke wasu kaya a bar su can inda aka taso, ba tare da an gaya wa masu su ba. Mutum ya sauka da fara'arsa, ya tsaya gaban bel ɗin nan mai juyawa, kowa ya ɗauki nasa ya tafi, bel ya yi ta zagaye babu komai a kai, can ya tsaya cak. Sai wani mai shara ya nuna masa wata ƙofa a ƙarƙashin matakala. To bayan ƙofar nan ɗan kawuna yake.

Ɗakin ba shi da taga. Akwai tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya da ta girme ni, waya mai igiya, da fanka da ke juya kai kamar tana cewa a'a. Bango uku duk kantoci ne cike da jakunkunan da ke jiran masu su. Da can su uku ne a ciki. Da kamfani ya sayo na'urar da ke tura wa fasinja saƙon tes da kanta, sai aka kwashe biyu, aka bar shi da fanka.

Ba wanda ya taɓa shiga ɗakin nan yana dariya. An zage shi da yaruka sun fi arba'in. Wata mata ta taɓa jifansa da takalmi, ya sunkuya ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Kowa ya shigo, kafin ya buɗe baki, ɗan kawuna ya riga ya ce, «Sai haƙuri.» Shi ya sa duk filin jirgin, daga masu gadi har matuƙa, ba wanda ya san sunan da kawu ya yanka masa rago da shi. Sai-Haƙuri ake ce masa. Ni na raɗa masa, kuma ban karɓi ko sisi ba.

Yana da wata ɗabi'a ta aiki da ba a rubuce take a littafin kamfani ba. Bai yarda da saƙon na'ura ba. Ya ce na'ura ba ta san wanda maganinsa ke cikin jaka ba. Duk wanda aka bar wa kaya, sai ya ɗaga waya ya kira shi da bakinsa, kullum, ko da abin da zai faɗa shi ne «ba ta iso ba tukuna». A kiran farko kuma sai ya sa mutum ya faɗi abu uku da ke cikin jakar, ya rubuta a bayan fom, don takardar lambar da ake liƙawa a hannun jaka takan yage a hanya, in ta yage kuwa kwamfuta ta makance. Kuma ba ya rufe fayil sai ya ji muryar mai kaya ya ce ta shigo hannunsa.

Yawancin mutane ba sa bari ya kai ƙarshen gaisuwa. «Ta zo ko ba ta zo ba?» Ƙit, su kashe.

Gida kuwa, ba na son in yi dogon bayani. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wata uwa duniya, takan kira ƙarshen wata, yara na ihu a bayanta, minti huɗu an gama. Kujera biyu ce a falonsa, ɗaya ta lotsa, ɗaya kamar yau aka kawo ta daga shago. In na je nakan zauna a kan sabuwar da gangan in yi ta tsalle, in ce ina taya ta tsufa. Sai ya yi murmushi ya dafa min shayi. Ba ya korata, ba ya kuma cewa in ƙara zama.

To, wata Talata jirgin safe ya baro jakunkuna goma sha ɗaya. Cikin masu su akwai wani mutum mai kwat da wayoyi biyu, ya shigo a gaggauce ya cike fom a tsaye. Ya ce akwatin na mahaifinsa ne, tsohon yana mota yana jira, shi kuma yini yake a taro, don haka ga lambar tsohon, a riƙa kiransa. Ya fice. Ɗan kawuna bai ga ko inuwar tsohon ba.

Washegari ƙarfe sha ɗaya, bayan hayaniyar jirgin safe ta lafa, ya kira. Ina zaune a kan wata jaka ina jiran takardun fita, ya danna maɓallin da ke fito da murya waje don ya samu hannun rubutu.

«Baba, ina kwana? Daga kamfanin jirgi ne, kan maganar akwatinka.»

«Wa? Ɗaga murya, ɗana, kunnen nan ɗaya ya yi ritaya kafin ni.»

«Akwatinka, Baba! Sai haƙuri, bai iso ba tukuna. Ko za ka faɗa min abu uku da ke ciki?»

«Abu uku? Ai dukiyar tawa ke nan gaba ɗaya. Akwai kan keken ɗinki, na hannu, baƙi. Akwai almakashi, shekara arba'in da ɗaya muna tare, a aljihu na so in riƙe shi suka ce wai zan yanka matuƙi. Ni da ko kaza sai an yanka min. Na uku kuma mayafin tsohuwata, Allah ya jiƙanta, da shi na naɗe keken.»

Ɗan kawuna ya rubuta. Ya buɗe baki zai yi sallama, sai tsohon ya ce, «Kai fa, ɗana, ka karya kuwa? Muryarka irin ta wanda bai sa komai a ciki ba ce.»

Wallahi na ga biron ya tsaya a hannunsa. Ya dubi wayar kamar ta yi masa magana da wani yare. Ya ce, «Na sha shayi, Baba.»

«Shayi ruwa ne. Gobe ka haɗa da burodi, zan tambaya.»

Kuma ya tambaya.

Daga ranar muka sa masa Baba Tela. Labarinsa a hankali ya fito, guntu-guntu. Bayan rasuwar matarsa ɗan ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba, ya rufe masa shago, ya ɗauko shi a jirgi ya kawo shi bene hawa na huɗu. Da safe ɗan ya fita, surukar ta fita, jikoki su tafi makaranta, a bar shi da talabijin mai tasha dubu, ba ya iya kunna ko ɗaya. Duk yini wayarsa sau ɗaya take ƙara.

Kiran da ake yi minti ɗaya ya koma minti goma, ya koma rabin awa. Tsohon ya ba shi labarin wani ango da ya yi ƙiba tsakanin awo da biki. Ya koya masa yadda ake gane mai kuɗin gaske daga ɗinkin aljihunsa. Ya tambaye shi tsayinsa da faɗin ƙugunsa, ya ce daga jin yadda yake numfashi wandonsa ya matse shi. Ɗan kawuna kuwa, mutumin da in ka ce masa «ya gida» sai ya ce «lafiya» ya kulle baki da kwaɗo, sai ga shi yana ba da labarin marigayiya, yadda take ɓoye masa makulli in ba ta so ya fita. Ni ban taɓa jin wannan ba, kuma ni na yi masa abokin ango.

Rannan na ji ya yi dariya har da buga tebur. Fankar ma sai da ta tsaya ta dube shi.

Sauran jakunkuna goman nan duk sun iso cikin kwana huɗu, na kai su. Na Baba Tela shiru. Ban damu ba, don akwati mai nauyi shi ake fara saukewa, shi ake ƙarasa ɗorawa. Sai dai na lura da wani abu. Zaman ɗan kawuna ya canza. In ya zauna a bayan tebur gwiwoyinsa sai su taso har su kusa taɓa haɓarsa, kamar babba a kujerar 'yan aji ɗaya. Na yi shiru ina kallo har rana ta goma sha huɗu. Da ya fita kama ruwa na leƙa ƙarƙashin teburin.

Akwati ne ruwan ƙasa, an ɗaure shi da igiyar shanya, takardar lambarsa ta yage saura ɗan guntu. Na gwada ɗagawa, bayana ya ce min kul. Na shafa gefensa, ga da'irar ƙarfen keke nan a ƙarƙashin tafina.

Ya dawo ya same ni zaune a kai, na harɗe ƙafa.

Na ce, «Ranka ya daɗe, sarkin masu gaskiya. Wannan matashin ƙafa a ina ake sayar da shi? Ina son guda.»

Ya mai da ƙofa ya rufe.

«Yaushe ya iso?» na ce.

«Kwana tara ke nan.»

«Kwana tara! Kai da ka taɓa bin wata mata da gudu har bakin titi don ta manta lema? Kawu ya ji wannan a kabari sai ya juya. Ashe ɓarawon tsofaffi muke kiwo a dangi.»

«Ban buɗe ba. Ko igiyar ban taɓa ba.»

«To me kake jira? Ya haihu?»

Ya zauna a kan wata jaka, abin da yake hana kowa yi. Sai ya ce, «Ranar da ya iso na ɗauki waya zan gaya masa. Kafin in yi magana ya ce yana ta jira in kira, wai ya tuno ƙarshen labarin jiya. Na ce to bari gobe. Goben ma haka.» Ya share fuska da tafin hannu. «In na kai masa, sai in rufe fayil. In na rufe, da wane dalili zan kira?»

Ina da baki, kowa ya sani. Ranar dai abin da na iya cewa kawai shi ne, «Saura kwana bakwai.»

Ya san abin da nake nufi. A dokar kamfaninmu, in kaya suka kwana ashirin da ɗaya ba a same su ba, sai a rubuta sun ɓata. Duk jakar da ba ta da lamba kuma a kwashe ta a kai babban sito, inda ko uwar jaka ba ta isa ta gane 'yarta ba. Manajarmu, wata yarinya mai tafiya kamar ana binta, ta riga ta leƙo sau biyu tana tambayar fayil ɗin nan ɗaya da ya ƙi rufuwa. In ta leƙa ƙarƙashin tebur, shekara goma sha tara sun tafi a banza.

Ya ce, «Na sani. Ka ba ni kwana biyu.»

Ya ci uku. Ban kai ƙararsa ba. Nakan shigo dai in ce, «Ya jikin matashin ƙafa?» Sai ya ci gaba da rubutunsa.

Rana ta goma sha bakwai ina nan ɗan kawuna ya kira tsohon. Muryar tsohon ta sauka, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Bai tambayi burodi ba.

Ya ce, «Ɗana, yaron nan nawa ya ce in haƙura, zai sayo min na lantarki. Na ce ya bar kuɗinsa. Ni ban san na lantarki ba, shi ma bai san ni ba.»

«Ana nan ana nema, Baba.»

«Jiya rigar makarantar jikata ta ɓarke a hammata. Na ce a ba ni allura. Duk gidan nan, hawa huɗu, babu allura. Uwarta ta ce kada in wahalar da kaina, za a sayo wata.» Ya yi tari. «Da safe in na tashi sai in rasa inda zan ajiye hannuwana. In ɗora su a gwiwa, in sauke. Ko baranda na daina fita.»

Ɗan kawuna ya sauke ƙafafunsa daga kan akwatin a hankali.

«Amma ka ga, kowa ya gaji da maganar keken nan, kai kaɗai ne ba ka gaji da nema min ba. Ba ka san ni ba, ba ka taɓa ganina ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.»

An zagi mutumin nan shekara goma sha tara, ko gezau. Albarkar nan ɗaya ta kwantar da shi. Ya kife kai a kan tebur, wayar tana ta ƙara ɗit-ɗit-ɗit, sai ni na miƙa hannu na mayar da ita.

Washegari da na iso har ya shigar da akwatin a kwamfuta, ya ɗaura sabuwar lamba, ya goge shi da tsumma har inda takalminsa ya yi shaida. Mu biyu muka kinkime shi zuwa mota.

Na ce, «Shigo mu je. Ka ga mutuminka, ka sha albarka da hannu.»

«Wa zai tsare ofis?»

«Fanka.»

Ya girgiza kai. «Je ka kawai. Ka ɗauka ta ƙasa, igiyar ta tsufa.»

Benen ba shi da lif. Na hau hawa huɗu da keken nan a ka, a hawa na uku na ga kakannina suna yafito ni. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ya buɗe ƙofa, bai kai kafaɗata ba. A waya ka ce ƙato ne. Bai ce min sannu ba. Ya durƙusa a nan bakin ƙofa ya kwance igiyar, ya yaye wani shuɗin mayafi, warin man keke ya cika falon. Ya ninke mayafin ya ɗora a kafaɗa. Ya ɗauki almakashin ya buɗe ya rufe sau uku kusa da kunnensa mai ji. Sannan ya murza keken, ya saurara, ya ce, «Kin sha wuya.»

Na tsaya da takardar sa hannu har ƙafata ta yi tsami kafin ya tuna da ni.

«Yaron nan na waya fa? Bai zo ba?»

«Baba, yaron ya haura hamsin, kansa kamar an watsa gari.»

«Yaro ne. Ka ce ya zo in auna shi.» Ya sa hannu a takardar, idonsa na kan keke.

Na kai saƙo. Ɗan kawuna ya sa na maimaita komai sau biyu, har launin mayafin. Ya ce gobe zai yi kiran rufe fayil, kuma zai gaya masa gaskiya duka, kwana goma sha ukun nan, in ya so ya janye albarkarsa. Na ga ya rubuta abin da zai faɗa a bayan wani tsohon fom, ya soke, ya sake.

Washegari wayar ta yi ta ringi kafin a ɗauka. Abin da muka fara ji ƙarar keke ce, kaca-kaca-kaca, da muryoyin mata biyu suna gardama kan tsawon labule.

«Baba, ina kwana? Akwati ya shigo hannunka?»

«Ya shigo, ɗana, ya shigo! Komai lafiya, allura ɗaya ce ta karye. Ke, riƙe min can, kada ki ja!»

«Baba, akwai maganar da nake so in...»

«Me? Ɗaga murya! Ka ga matar maƙwabci ta ji ƙarar keke ta bango, yanzu ga labule uku, ga wandon mai gadi, ga rigar yarinyar nan ban ma taɓa ba. Ashe duk benen nan a yage suke yawo!» Ya yi dariya, irin wadda ba mu ji ba tun makon farko. «Bari in sallame su, za mu yi magana. Na gode, na gode, Allah ya saka.»

Ƙit.

Ɗan kawuna ya riƙe wayar a hannu ɗan lokaci. Ya ajiye. Ya ninke takardar da ya rubuta ya sa a aljihu. Ya jawo kwamfuta ya danna inda ake dannawa, fayil ya rufe.

Na ce, «Kana da lambar. Kana da wayarka ta aljihu. Ka kira shi da yamma mana.»

«Yana da aiki.»

«To mu je a auna ka. Wandon nan naka tun na bikin 'yarka ne, shi ma yana neman ritaya.»

«In na tsaya gabansa sai na faɗa. In na faɗa, na ɓata masa keken.» Ya jawo fom ɗin jirgin rana. «Ga jaka biyar can, ka kai kafin cunkoso.»

Wata biyu ke nan. Bai je ba, bai kira ba. Tsohon ma bai kira ba, kuma ban ga laifinsa ba, na wuce ta layinsu na hango zannuwa a shanye a barandar hawa na huɗu kamar shago.

Makon jiya abin ya ishe ni. Na faka mota a bayan filin jirgi, na toshe hanci, na kira lambar ofis da muryar tsohuwa. Na ce ni ce aka bar wa jaka, akwai agwagwa uku a ciki da rai, in ta mutu ko ɗaya sai kamfani ya ba ni jirgi.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, «Tun daga sallama na gane ka. Hancin nan naka ko an toshe shi da siminti ba ya ɓuya.»

Na yi dariya na ce, «To shi ke nan, bari in kashe, ina da kaya a mota.»

Ya ce, «Dakata. Kada ka kashe tukuna.»

Na dakata. Na zaci wata magana zai yi. Bai ce komai ba, ni ma na rasa abin tsokana. Wani jirgi ya tashi ta saman kaina, na jira ya wuce, muna nan dai a kan layi.